Wa Ya Kai Tankinmu Kan Dandamali?

Zuwa ga Yayata Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Madina.

Yaya, akwai maganar da ban gaya wa kowa ba. Yarinyar da mutane suka yi ta yi wa dariya a wasan kwaikwayon ranar Juma'a, ni ce.

Bari in faro miki daga farko. An yi bikin ƙananan wasanni a wani tsohon sito kusa da unguwar masana'antu ta nan Jidda, inda ƙungiyoyin da ba su kai manyan zaure ba suke nuna nasu. Samarin unguwar Sharafiyya sun kawo wasan barkwanci mai waƙe-waƙe, rabi Hausa rabi Larabci. Umma ta ce yalla mu je, tunda Anas ƙanin mijinki ne ya rubuta.

Ana ɗaga labule sai ga saman bene, da igiyar shanya, da tankin ruwa. Wata yarinya ta fito rungume da littafin soyayya, ta ɗaura wa tankin jan rawani, ta fara rera masa waƙa wai shi kaɗai ne ba ya katse ta. Duk ƙarshen baiti sai tankin ya yi ƙugi, ita kuma ta sunkuyar da kai don kunya.

Umma ta yi dariya har da hawaye, tana dukan cinyata tana cewa, "Wannan mahaukaciyar 'yar gidan wa ce?" Ni ma na yi dariyar, wallahi, don kada ta kalle ni.

Tanki dai kowane bene a Jidda yana da shi, na yarda. Amma rawanin fa? Ke kaɗai kika taɓa kama ni, ranar da kika hau kwashe shanya bayan la'asar, kika tarar na ɗaura masa tsohon rawanin Baba. Kika ce, "Halas, shi ke nan, ban ga komai ba." Kika sauka kina danne dariya. Na yarda da ke.

Tun ranar Juma'a nake ta lissafi. Anas ya zo muku ziyara kwanakin baya, Umma ce ta faɗa. Kin san halinki in hira ta yi daɗi ana shan shayi. Watakila mijinki kawai kika gaya wa, shi kuma ya kai gaba. Kuma me ya sa kika yi ta nacin sai mun je kallon? Ke da ba ki damu da wasa ba?

Sai dai akwai abin da ke ɓata min lissafin. Maganar nan ta "ba ya katse ni", ban fara rera ta ba sai bayan an kai ki Madina. Ba ki taɓa ji ba. Tagar gidan su Anas kuma, kin sani, tana kallon saman benenmu.

A littattafan da nake karantawa, in saurayi ya saurari yarinya a ɓoye, so ne. Amma a cikinsu ban taɓa ganin wanda ya tara jama'a su yi mata dariya ba. Da aka tashi daga wasan, Anas ya gaida Umma, bai ko dube ni ba. Ban san ko kunya ce ko rashin damuwa ba.

Yanzu sama ma ba na hawa. Shanya ta koma hannun Umma, tana ta mita.

Yaya, in ke ce, faɗa min kawai. Zan yi fushi, amma zai wuce, don ba ni da wata yayar. Abin da ba zan iya ba shi ne in riƙa jin muryarki a waya ina auna kowace kalma. Ɗakinmu ya yi min girma tun da kika tafi.

Na so in yaga wannan takarda. Amma Kawu Sani zai taho Madina gobe, zan liƙe ta in ba shi hannu da hannu. Kada ki amsa ta wayar Umma.

Allah Ya tsare min ke, Ya sa zargina ya zama ƙarya, in kuma gaskiya ne Ya ba ni zuciyar yafiya. Amin.

Ƙanwarki,
Safiyya