Na Ga Fijona a Caji Ofis

Laraba, 9 ga Maris 1977, Tudun Ƙofa

Yau na ga motata, wata biyu da sace ta a ƙofar gida. Tana caji ofis a Nasarawa, an rufe farin fentinta da shuɗi. Saja yana karanta lambar inji, ina bi da yatsa a takardata, har ƙarshe babu inda suka saɓa. Sai da na nemi wuri na zauna.

Wanda aka same ta a hannunsa dattijo ne, haya yake yi da ita. Takardun da aka ba shi na jabu ne. Ya ce mini, "Malam, wallahi saya na yi, ban sani ba." Na tafi da niyyar zagin ɓarawo, na tarar da wanda aka cuta kamar ni.

Saja ya ce motar shaida ce, sai majistare ya sa hannu ranar Litinin za a sakar mini. Uwar yara tana so a ɗaure dattijon. Ni na yarda da shi, kuma ya yi alkawarin nuna dillalin da ya sayar masa. In an sallame mu lafiya, ni zan kai shi gida.