Ni na goge foldar ROOT, wani anka dakatar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya hana ni sukuni.

Ni mace ce 'yar Bodinga, na karanta kwamfuta, ina aiki a wata Islamiyya a Shagari wadda kawuna ke shugabanta. Mu biyu ke kula da sabar makarantar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinmu na intanet, ni da wani magidanci mutumin Dandin Mahe. Na rubuta manhaja da yaren kwamfuta na Java don iyaye su riƙa duba sakamakon ɗiyansu a waya, na ɗora ta kan Tomcat, wato abin da ke buɗe wa mutane shafin. Matsalar ita ce sai an rubuta adireshin makaranta an ƙara /sakamako a ƙarshe, iyaye kuwa kullum mantawa suke, sai Kawu ya ce in gyara yadda da an rubuta adireshin kawai za ta buɗe.

Hanyar da na sani ita ce in maida sunan fayil ɗina ROOT.war, in cire tsohuwar foldar ROOT, don abin da ke da wannan suna shi Tomcat ke fara buɗewa. Na ɗauka shafin gwaji ne kawai a ciki, ko leƙawa ban yi ba na goge. Aiki ya yi kyau, Kawu har ya sa mini albarka gaban malamai.

Bayan sati biyu anka gane ashe cikin foldar nan abokin aikina ya ajiye hotunan rubuce-rubucen ajami na kakana, mahaifin Kawu, waɗanda ya daɗe yana zuwa Sifawa yana ɗauka. Takardun asali ruwan damina ya ci rabinsu, kuma babu kwafi ko'ina. Na gwada dawo da su, ba su dawo ba.

Kawu ya kira shi ofis, ya ce sakacinsa ne, ya dakatar da shi. Ina zaune wurin ban faɗi cewa ni na goge ba. Shi kuma bai musa ba, da zai fita ya dube ni ya ce: "Malama, ki kula da sabar, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ina jin ya duba log, wato bayanin abin da anka yi a sabar, ya san ni ce.

Jiya matarsa ta gaishe ni a kasuwa da fara'a, na kasa haɗa ido da ita. Kawu shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, yana da hawan jini, kuma rubutun mahaifinsa ne.

Mi zan yi? In fara zuwa wurin wanga bawan Allah in nemi gafara, ko in tunkari Kawu kai tsaye? Kuma da wane baki zan fara?