Ranar da Aka Hutar da Royce

Ironton, Ohio
Lahadi, 5 ga Agusta, 1979

Zuwa ga ɗana Royce,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da wannan gwiwar taka ta hagu. Uwarka tana gaishe ka. Ta ce in tambaya ko ana ba ku abinci a sansanin atisayen nan, wai ta gan ka a talabijin ka rame. Na ce mata, Opal, mutumin da ya kai nauyin firji biyu ba ya ramewa a mako uku.

Kada ka ce me ya hana in buga waya. Kunnena ka san shi, masana'antar ƙarfe ta cinye rabinsa, ku kuma mutum tamanin kuna layi a kan waya ɗaya. Takarda ta fi min, ba mai katse ni.

Royce, mun ci su ashirin da bakwai da goma! A shagon askin Virgil muka kalla jiya. Da mai jifanku Kettering ya wurga ƙwallon nan yadi arba'in, Virgil ya daka tsalle da almakashi a hannu, saura kaɗan ya raba Fasto Lyle da kunnensa. Na sani, na sani, wasan gwaji ne, ba a lissafa shi. To ni na lissafa. Tun ba a haife ka ba nake bin ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Maƙeran Toledo, ban taɓa ganin mun shigo Agusta da zafi haka ba.

Ga abin da na gani, in ka so ka kai wa Koci Halvorsen, kyauta na ba shi. Masu jifa ba mu da matsala. Masu cafewa sun yi mana yawa ma, a sallami biyu ba wanda zai yi kuka. Masu tsaron baya, na hagun nan yana gudu kamar mai komawa gida daga aiki. Mai bugu da ƙafa kuwa, kaico! Ko ƙofar gareji aka wangale masa ba zai saita ba. Duk inda za a samo mai bugu a samo.

Yanzu gidanku, 'yan katanga masu kare mai jifa. Mutum arba'in da biyar za a riƙe in an gama tankaɗe, takwas a cikinsu na katanga ne, ku kuma goma sha biyu ne. Kuma na san halin Halvorsen, ɗan tsakiya mai miƙa ƙwallo ɗaya tak yake riƙewa, sauran gurbin ya ba waɗanda ke iya tsayawa ko'ina. Wato ko kai, ko wannan sabon ɗan Alabama, Darnell Tubbs. Na kalle shi. Ƙarfi akwai, amma sau biyu ya miƙa wa mai jifa ƙwallo a makare. Shekara tara kana miƙa ƙwallon nan ba a taɓa jin kanka ba, don haka ban damu ba.

Ka riƙa sa wa gwiwar ƙanƙara.

Ni ne mahaifinka,
Emmett Pardee

Sansanin Maƙera
Laraba, 8 ga Agusta

Baba,

Ina gaishe ka da Mama. Ka ce mata ana ba mu abinci, har ana yawan da ya fi ƙarfin hankali. Shawararka kan mai bugu ba sai na kai ba, Koci da kansa ya jefar da hula ƙasa ya taka ta.

Gwiwa tana nan. Da safe takan yi min gardama, in rana ta ɗaga mu shirya.

Baturke ya fara yawo. Ka tuna shi, wanda Koci ke aikowa ya sallami mutane. Ban san wanda ya raɗa masa sunan ba, bana dai wani mataimakin koci ne mai suna Gus, mutumin kirki, amma yanzu ko a ɗakin cin abinci ba mai zama kusa da shi. Ƙarfe shida na safe yake bin ƙofofi. Magana ɗaya ce: "Koci yana son ganinka, ka taho da littafin dabarunka." Shi ke nan, an gama da kai. Jiya mutum tara ya ɗauke. Wani ya ɓuya a banɗaki awa biyu, wai in ba a gan shi ba ba a sallame shi ba.

Darnell ɗakinmu ɗaya. In ya ji takun Gus sai ya ja bargo ya rufe kai, ƙato guda, ƙafafu a waje. Makarar da ka gani ba laifin hannunsa ba ne, ƙirgar mai jifa ce ba ya ji in filin ya ɗauki ihu. Na nuna masa ya daina saurare da kunne, ya riƙa jin motsin hannun Kettering a jikinsa. Muna tsayawa rabin awa bayan atisaye. Yana da kai, yana ɗauka da wuri.

Naka,
Royce

Ironton
Lahadi, 19 ga Agusta

Royce,

Gaisuwa. Uwarka ta ce in fara da tambayar lafiyarka kafin in fara faɗa. To, kana lafiya? Madalla.

Kai wane irin mutum ne? Na karanta wasiƙarka sau uku, na ba Virgil ya karanta ko idona ne. Mutum ya zo daga Alabama takanas don ya karɓe maka aiki, kai kuma ka zauna kana koya masa yadda zai karɓa! Rabin awa kullum! Me ya hana ka wanke masa safa kuma? Kwana goma na ƙi rubuto maka don haushi, in ka lura.

Amma yau ba zan iya yin shiru ba, don wasa uku ke nan ba a ci mu ba! Talatin da ɗaya da goma sha bakwai! Virgil ya rufe shago, ya ce duk mai son aski ya dawo Litinin. Sabon mai bugun da suka ɗauko, wannan siririn mai tabarau, ya saita daga yadi arba'in da takwas. Wa ya ce a samo mai bugu? Ni ne. Fasto Lyle shaida ne. Na hagun masu tsaron baya ma an sallame shi, kamar yadda na faɗa. Da Halvorsen zai riƙa karanta wasiƙuna da ya huta da rabin aikinsa.

Abin da ya rage mana yanzu mai gudu da ƙwallo na biyu ne. In na farkonmu Odom ya ji ciwo a watan Nuwamba, wa zai ɗauka? Ba kowa. Wannan ne ramin da ke cikin ƙungiyar nan, in aka cike shi, wallahi bana sai mun buga wasan neman kofi a watan Janairu.

Ku 'yan katanga kun koma tara. Ɗalibin naka bai makara ko sau ɗaya ba jiya, ka ji daɗi. Na ga ya ture wani ƙaton har yadi biyar. Kai ma ka yi kyau a rabin farko, sai dai na ga kana jan ƙafar in za ka tashi. Ba wanda ya lura sai ni.

Asabar mai zuwa ne wasan gwaji na ƙarshe, kuma ni da Virgil za mu tuƙo har Toledo, awa biyar, mu gani da idonmu. Ka san yadda ake yi a wasan ƙarshe. Wanda gurbinsa ya tabbata ba a sa shi, ana hutar da shi don wasan gaske. Masu rawar ƙafa su ake turawa su kashe kansu a fili. Ni abu ɗaya zan je kallo, wa ya sa kwanon shiga wasa a kai, wa ya sa hula.

Mahaifinka

Sansanin Maƙera
Laraba, 22 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa. Na ji faɗan, na karɓa. Amma lokacin da na zo nan ban san komai ba, tsohon ɗan tsakiyarmu Swede Arnesen shi ya tsaya da ni bayan atisaye, kuma shi na gada. Haka ake yi a katanga. In Darnell ya makara, ba ni zan ji ciwo ba, Kettering za a nannaɗe a ƙasa.

Ku tuƙo a hankali. Kada ka bar Virgil ya karɓi sitiyari.

Royce

Ironton
Lahadi, 26 ga Agusta

Ɗana Royce!

Gaisuwa da murna da komai da komai! In ka ga rubutun ya karkace kada ka zargi tsufa.

HULA! Tun kuna fitowa daga ramin shiga fili na ƙwace madubin hangen Virgil, na bi ku ɗaya bayan ɗaya, sai ga lamba hamsin da bakwai a bakin fili, hula a kai, tawul a wuya, ko kwanon ba ka riƙe ba. Kana tsaye kusa da Kettering da Odom, cikin manya! Na rungume Virgil, na rungume wata mata da ban sani ba, mijinta ya harare ni, na ce masa ɗana ne wancan, an hutar da shi. Shi ma ya ba ni hannu.

Ɗan Alabama kuwa tun daga busar farko har ta ƙarshe yana ciki, ko numfashi ba su bar shi ya yi ba. Har ya ba ni tausayi. Ka ce masa kada ya karaya, wata ƙungiyar za ta ɗauke shi, ya ce kai ka koya masa. Na janye faɗan da na yi maka, ashe ka san abin da kake yi.

An ci mu ashirin da bakwai da shida, to sai me? Wasan gwaji ne, ba a lissafa shi.

Na yi ta ɗaga maka hannu daga sama, ina kiran sunanka har muryata ta dishe, ba ka waigo ba. Ba komai, mutum dubu arba'in ne. Motarku kuma ta tashi kafin mu sauko.

Yau a majami'a na raɗa wa Fasto Lyle, shi kuma ya tashi ya sanar wa jama'a cewa ɗan Ironton zai shiga shekararsa ta goma, aka yi tafi. Da rana na hura gawayi a bayan gida, nama da masara, uwarka ta yi kek ɗin tuffa har uku. Rabin layinmu ya zo. Ita kaɗai ce ta ce in bari sai jerin sunaye ya fito ranar Talata. Na ce Opal, ke kin san kek, ni na san ƙwallo.

Shekara goma, Royce! A garin nan kaf ba wanda ya taɓa yi. Ina alfahari da kai, ga shi na faɗa a rubuce.

Mahaifinka mai farin ciki,
Emmett

Toledo
Talata, 28 ga Agusta

Baba,

Ina gaishe ka da Mama. Kafin wannan ta iso ka riga ka gani a jarida.

Jiya ƙarfe shida Gus ya ƙwanƙwasa. Darnell ya ja bargo kamar kullum. Na ce masa ya fito, ba wurinsa aka zo ba. Littafin yana kan tebur tun ranar Juma'a, na riga na cire takarduna daga ciki.

Baba, hula iri biyu ce. Akwai ta wanda ake tanadi, akwai ta wanda aka gama da shi. Doka ba ta yarda a sallami ɗan wasan da ya ji ciwo a fili ba sai ya warke. Sun san gwiwata. Da sun sa ni ranar Asabar ta tsinke, da sun maƙale da ni, gurbin kuma suna buƙatarsa don mai gudu na biyu, wanda kai ma ka ce a samo. Shi ya sa suka ajiye ni a gefe lafiya lau. Darnell kuma suka bar shi ya buga duka don ya saba da aikin. Tun ranar Juma'a da Koci ya ce kada in sa kaya na gane.

Na gan ka. Layi na ashirin, rigar nan ja, kana tsalle. Na ji muryarka ma. Na kasa waigowa ne.

Wasiƙarka ta same ni yau ina kwashe kaya. Na karanta a mota, na daɗe ban tayar da ita ba. Ban san me za ka ce wa Fasto da mutanen layi ba, wannan ya fi sallamar yi min ciwo. Ka yi haƙuri.

Koci ya tashi tsaye ya ba ni hannu, ya ce na gyara masa ɗan tsakiya na shekara goma masu zuwa. Darnell ya ɗaukar min jaka har mota yana kuka, na ce masa ya koma ciki kafin ya makara atisaye. Ƙungiyar tana da kyau bana, Baba, lissafinka daidai ne.

Naka,
Royce

Ironton
Juma'a, 31 ga Agusta

Royce, ɗana,

Gaisuwa. Fasto da mutanen layi ka bar min su, ni na tara su, ni na sallame su. Ba wanda ya dawo da naman da ya ci.

Haƙuri ni zan ba ka. Tun wasa na uku idona ya gaya min yaron nan ya fi ka ƙafa. Na gani sarai, na ƙi yarda, da na ga hula sai na kama ta hannu biyu. Abin da na rubuta maka a ƙarshen waccan wasiƙar kuwa yana nan, ban janye ko harafi ɗaya ba.

Jibi Lahadi ne wasan farko, ƙarfe ɗaya. Tun kana ɗan shekara goma sha huɗu kai kana fili ni ina kan bencin 'yan kallo, ba mu taɓa kallon wasa muna zaune wuri ɗaya ba. Na gaya wa Virgil bana ba zan zo shago ba. In wannan ta same ka gobe, ka kamo hanya. Akwai kujera mai wurin miƙe ƙafa.

Mahaifinka