Za A Yanke Wa Fijonmu Baya

Assalamu alaikum Anti Hannatu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki duba wasiƙata da wuri, saboda an fara cirar gyaɗa a wajenmu, kuma da zarar an zuba ta a buhu abin da nake tsoro zai faru. Ki sakaya sunana.

Ni 'yar Jajaye ce ta Rogo, aure ya kawo ni wani ƙauye a yankin Kwanyawa ta Karaye. Maigidana gyaran injin ban-ruwa da na niƙa yake yi. Ba zan ɓoye miki ba, tun ina makaranta nake da son karatun littattafan soyayya, kuma duk mijin da nake zanawa a raina a mota yake zuwa, ya zagayo ya buɗe mini ƙofa. Da Allah ya tashi sai ya ba ni mai babur da ƙamshin baƙin mai, kuma wallahi ban taɓa nadama ba.

Gidanmu babban gida ne, gandu ake yi. Surukina Malam ya rasu tun maigidana yana firamare, ya bar gida da gonaki da wata tsohuwar Fijo 504, irin mai dogon bayan nan. Ba a raba komai ba, an bar shi a haɗe a hannun babban wansu, Yaya Mijinyawa. Shi ya riƙe maigidana, shi ya ci gaba da ɗaukar nauyin karatunsa, shi ya yi masa aure. Lokacin da aka kawo ni, motar tana bayan zaure a ƙarƙashin darbejiya, ba taya ko ɗaya, an ɗora ta a kan bulo. Kaji suna ƙwai a cikinta, ana cusa harawa a bayanta, Inna surukata kuma tana shanya kuɓewa a kan bonet. Tsatsa ta ci ta har ana hango ƙasa ta wajen ƙafar direba.

Ni na ja abin, Anti. Da wasa na ce wa maigidana ashe ma mai mota na aura, ɓoye mini aka yi. Ya yi dariya, sai kuma ya ce abin da ya fi tunawa da mahaifinsa shi ne yana ɗora shi a cinya ya riƙe sitiyari a hanyar Rogo. Kashegari na same shi yana kwashe harawar.

Daga nan aikin ya shiga rayuwarmu. Ya ɗaura sarƙa a reshen darbejiya ya fito da injin, ya wargaza shi kaf, muka wanke kayan da kananzir a tsohon bahona. In ya samu sarari sai ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan gyara, wani lokaci ya dawo da ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba yana murna kamar an yi masa haihuwa. Yana kallon bidiyon Turawa a waya, ba ya jin abin da suke faɗa, hannunsu kawai yake bi. Ni nake miƙa masa sifana. Na goga bodi da samfefa har lallen hannuna ya goge. Motar fara ce a zamanin Malam, amma ya ce in zaɓi launin da nake so, na zaɓi shuɗi mai haske. Rigunan kujerun ni na ɗinka a kekena, na yi wa gilasan baya 'yan labulaye, shi kuma ya sa mata rediyo mai ɗaukar memori don in riƙa sauraron littattafan da ake karantawa. Tun kafin ta samu taya, in na gama girki sai in shiga kujerar baya in ja ƙofa in buɗe littafina. A gidan da ke da mutum sama da ashirin, nan ne kaɗai inda nake jin shiru.

Duk tsawon wannan lokaci, fiye da damina biyu, dariya ake mana. Matan gida suna kirana Hajiya mai mota. Yaya kansa in zai wuce sai ya ce, injiniya, yaushe jirgin zai tashi, a ajiye mini kujerar gaba. Ba wanda ya ce a daina, ba wanda ya ce a ci gaba, ba kuma wanda ya ce motar tasa ce.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci maigidana ya murɗa makulli, ta yi tari, ta yi tari, sai ta kama. Inna tana bakin turmi, ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa tana hawaye, ta ce wannan ƙarar Malam ce in ya dawo daga kasuwa. Ni ma kuka na yi, amma nawa na murna ne, don har na hango mu ranar Sallah mun bi ta bakin dam ɗin Challawa mun nufi Jajaye, ya tsaya a ƙofar gidanmu ƙannena suna rugowa.

Yaya ya zo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa bodin, ya leƙa ciki, ya ce masha Allah. Ba a jima ba ya kira maigidana zaure. Ya ce hayar motar kai amfanin gona kasuwa tana cin gandu kowace shekara, ga shi Allah ya tayar da motar Malam, kuma motar Malam ta kowa ce. Don haka in an gama da gyaɗa za a kai ta wajen mai walda a Karaye, a yanke ta daga bayan kujerar direba, a mayar da ita akori-kura. Anti, kin san abin da maigidana ya ce? Ya ce, to Yaya. Shi ke nan.

Tun daga ranar ya lulluɓe ta da tampol, ko kallon wajen ba ya yi. Abinci sai ya taɓa ya tashi. Na tambaye shi me ya hana shi magana, ya ce da wane baki zai musa wa wanda ya raine shi, kuma ai gaskiya ne ba tasa ba ce shi kaɗai. Gilashin ƙofar baya guda ɗaya ne ya rage a ɗaura. Ya riga ya sayo shi, yana nan jingine a bayan gadona, ya ce amfanin me, tunda ƙofar ma tafiya za ta yi.

A littafi, daidai nan ne wani kawu mai hali yake sallama ya warware komai, ko mai laifin ya yi mafarki ya farka yana neman gafara. Ni na saurara, ba wanda ya yi sallama. Na yi tunanin in ɓoye makullin a cikin kwallata. Na ma san wani ɗan abu a injin wanda in aka cire ba za ta tashi ba, ni na wanke shi da hannuna. Na yi tunanin in je in faɗi a gaban Inna ina kuka. Ƙawata Kausar ta ce in yi yaji har sai ya zama namiji ya tsaya wa haƙƙinsa. Mahaifiyata kuma ta ce kul, mace ba ta sa baki a gadon gidan miji. Kullum in na tashi sai in ɗaga tampol ɗin in leƙa in mayar. Ban tsani Yaya ba, mutumin kirki ne, shi ya sa ma na rasa wanda zan yi fushi da shi. Ba mu taɓa fita da ita ko bakin titi ba. Me zan yi?

Taki,
Mai Shuɗiyar Mota, Kwanyawa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanyaya miki. Bari in fara da abin da ba za ki yi ba: kada ki taɓa makullin nan, kada ki cire komai a injin, kada ki yi yaji. Yanzu maganar mota ake yi. Ranar da aka gane kin ɓoye wani abu, maganar za ta koma ta matar ƙani da ta shiga tsakanin 'yan'uwa, kuma wannan tabon ya fi tsatsa wuyar gogewa. Kausar tana ƙaunarki, amma ba ita za ta zauna a gidan ba.

Sai kuma gaskiyar da ba za ta yi miki daɗi ba. Maigidanki ya yi kuskure tun farko, irin wanda ake yawan yi a gidajenmu. Ya ga an yar da abu, ya ɗauka ba mai shi. Kayan gado kuwa ko kaji suna kwana a ciki yana da masu shi. Da ya nemi izinin magada tun tana kan bulo, da dariya za a ce ya ɗauka, an bar masa. Yaya kuma ba zalunci ya tashi yi ba. Shi yake ɗauke da cikin gidan, shi ya san abin da haya take ci, kuma Malam da ya sayi motar nan ba don ado ya saya ba.

Amma maganar Yaya ita ce hujjarku. Ya ce motar ta kowa ce. To abin da yake na kowa, mutum ɗaya ba ya yanke shi, ko da shi ne babba. Inna tana da tumuninta a ciki. Idan maigidanki yana da 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu, su ma suna da nasu. Shi kansa yana da nasa kason, ga kuma guminsa da kayan da ya sayo, waɗanda ba gado ba ne. Ba a tambayi ko ɗayansu ba.

Aikinki a ɗakinki yake. Ki samu maigidanki a natse, ba kuka, ba gori. Kada ki ce masa ya ji tsoro. Wanda ya ce "to" ga wan da ya raine shi kunya ce ta kama bakinsa, kuma ita ma abin so ce a miji. Ki nuna masa cewa neman a zauna ba rashin kunya ba ne. Ya fara zuwa wajen Inna da kansa, ba ke ba. Matar da ta zauna a ƙasa don jin ƙarar motar nan tana da abin faɗa, kuma Yaya ɗanta ne. Daga nan ya roƙi a tara magada tare da malamin da ya san gado. A kimanta motar yadda take kafin ya taɓa ta, unguwa duka shaida ce, sannan ya nemi a sa ta a kasonsa, ko da zai bar wani abin a madadinta. Hukuncin wannan na malamin ne, ba nawa ba.

Kada kuma ya je zauren hannu rabbana. Matsalar Yaya gyaɗa ce, to ya je masa da maganin gyaɗa. Mota mai dogon baya tana ɗaukar kaya ba sai an yanke ta ba: a kwantar da kujerar baya, a shimfiɗa tampol, a ɗaura kariyar ɗora kaya a sama. Wanda ya tayar da mataccen inji ba zai kasa haɗa 'yar tirelar da za ta ja ba. Ya ce shi da kansa zai riƙa kai amfanin gandu kasuwa, wannan kakar ma a gwada a gani kafin a kira mai walda. Ya kuma yi wa Yaya bayanin abin da yanka zai yi wa ƙarfin tsohon bodi, shi ya fi mu sanin wannan. Babba ya fi sauƙin janye maganarsa idan an ba shi abin da ya fi ta, a keɓe, ba a gaban jama'a ba.

Ke ma da naki kason na haƙuri. Idan aka bi wannan hanya, motar za ta tsira amma ba za ta zama taku ku biyu kaɗai ba. Za ta yi ƙura, za ta yi warin buhu, za a tashe ku don kai mai naƙuda asibiti, a ranar kasuwa kuma ba za ki samu wurin karatu ba. Ki yanke shawara tun yanzu cewa kin yarda, kuma ki faɗa masa, don ina zaton rabin shirunsa yana tunanin me zai ce miki ne.

Ba zan yi miki alkawarin littafi ba. Yana yiwuwa a zauna a ji kowa, a ƙarshe a ce a yanke. Idan haka ta faru, an yanke ne bayan an saurare shi, kuma wannan ya bambanta da abin da yake cinsa yanzu. A ranar zai dawo gida ya dubi fuskarki. Ki tabbata abin da zai gani a kanta bai ƙara masa nauyi ba.

Amma ba a kai nan ba tukuna. Gyaɗa tana gona, ku yi magana yau. Allah ya jiƙan Malam, ya haɗa kan zuriyarsa, ya ba ki abin da zuciyarki take so cikin alheri.

Anti Hannatu