Gansakuka ta shiga tsakanina da Kawu

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ina karatun digiri na biyu, bincikena a kan fitar da man inji daga gansakuka, koren abin nan da ke kwanciya a kan ruwa. A gida har tsokanata ake yi, wai na je jami'a na ƙare a kwata. Wannan bai dame ni ba.

Damuwata Kawu ne, yayan Mama. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarama, kuma shi ne babban malami a sashenmu. Ƙuruciyarsa kaf ya ƙarar a kan hanya ɗaya: a shanya gansakuka ta bushe, a niƙa, a matse mai. Ni kuma na gwada dafa ta a jiƙe cikin tukunyar ƙarfe mai matsi. Anti, man da na samu ya fi nasa nesa ba kusa ba. Na sake, na kuma sakewa, haka ya fito. Wata mai zuwa zan gabatar a gaban malamai, yana zaune a layin gaba. Mutumin da ko sunansa ban taɓa faɗa ba! Mama ta ce in rage lambobin, ba a kunyata babba. Wallahi ko ɗigo ba zan rage ba. Amma ina son Kawu, ina tsoron rasa shi.

'Yarki, Mai Gansakuka

'Yata, kada ki taɓa lambobinki. Kunya ta hana ki kiran sunansa, ba ta ce ki yi masa ƙarya ba. Amma Mama ma tana da gaskiyarta: bai kamata ya fara jin wannan a bainar jama'a ba.

Sannan ki ɗan sassauta. Tukunyarki wuta take ci, shi kuwa rana ke masa shanya, kuma manki sai an tace kafin inji ya sha. Kin saka wannan a kwatancinki? In ba ki saka ba, da sauran aiki.

Ki same shi a gida, ba a ofis ba. Ki gaishe shi yadda kika saba, ki ajiye masa sakamakon, ki roƙe shi ya nemo miki kuskure. In ya samu, ya cece ki. In bai samu ba, zai ji zafi, kada ki jira murmushi a ranar. Ki ba shi lokaci ya haɗiye abinsa a ɗakinsa, don ran gabatarwa ya shiga zauren da kansa a sama. Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya ba ki sa'a.