Zuwa ga Illa, da ya sa hoton Baba a shafinsa

Assalamu alaikum, Illa ƙanena. Ina gaishe ka, gaisuwar da zumunta ta ɗora mini. Ina fatan kana lafiya can ƙasar Turawa.

Jiya aka nuna mini shafinka. Ka sa hoton Baba, ka ce bincikenka sadaukarwa ce gare shi, jama'a na ta sa maka albarka. Tunda a fili ka yi, a fili zan amsa maka.

Na san aikinka, kai ka yi mana bayani a tarho. Kana zuba siffar sinadarai cikin ordinatar, na'urar lissafin nan taku, ita kuma ta hasko inda kowane zai kama ƙwayar cuta a jikinta, tun ba a gwada ba. Baba ya ji daɗi. Ranar kasuwar Tabotaki ya riƙa cewa ɗansa ya san makasar cuta.

Sai tarin fuka ya kama shi, irin wanda ba ya jin magani. Ni na ɗora shi bisa amalanke zuwa bakin hanya, ni na kai shi asibiti a Buza. Da na kira ka, ba ka tambayi ko yana iya shan hura ba. Cewa ka yi in ɗauko maka hoton takardar labo ta awon da aka yi masa, kana son sanin wane iri ne. Na turo. Ka ce irin da kuke aiki a kansa ne, har muryarka ta ɗaga, Illa. Na ji ta da kunnena.

Na ce ka taho. Ka ce lissafin ya kusa fita, ba ka iya barinsa. Baba ya rame har zobensa ya zame, kullum yana ce mana a bar yaro ya yi aikinsa. Ranar da aka kai shi makwanci, saƙon murya ka aiko.

Wannan hoton ni na ɗauke shi, cikin gonar hatsi, kafin ciwon. Cire shi. Ba ka ga fuskar da ta biyo baya ba.

Inna ta hana ni rubuta wannan, wai kada in ɓata maka rai. Ita ma ta fara tari tun bayan girbi. Gobe zan kai ta awo, kuma tsoro nake ji. A kaina kaɗai komai yake, kuma ni na goya ka.

Allah ya jiƙan Baba. Allah ya sa abin da ordinatar ɗinka ta hango ya zama magani, uban wani ya tashi. Allah ya kawo ka gida Inna tana gane ka.

Yayarka Rakiya, wadda ba ta huce ba tukuna.