Takardar Madam Zakiya Tana Cikin Jakata

Anti Lariba, ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Sau uku ina farawa ina yagewa. Don Allah ki taimake ni.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Bawku. Zangon da ya wuce wasu mutane suka shigo makarantarmu da bindiga, suka harbe Masta Osman, malamin lissafi. Allah ya jiƙansa. A gaban Madam Zakiya mai koya mana kimiyya ya faɗi. Tun ranar ba ta juya wa ƙofa baya. A karkace take rubutu a allo, layin ya yi ta gangarowa, ba mai dariya. Babur ya yi ƙara a titi, sai alli ya suɓuce mata. Malamai sun roƙi katanga da mai gadi, har yau shiru.

Ni nake ɗaukar mata littattafai. Kwana tara ke nan ta ba ni ambulan in kai wa hedimasta. Ba a liƙe yake ba, na leƙa. Takardar neman a mai da ita Yendi ce, garin iyayenta. Anti, ban kai ba. Ita ce ta fara ce mini zan iya zama likita, ga jarrabawa saura wata huɗu. Jiya na ji tana gaya wa wata malama wai hedimasta ya raina tsoronta, tunda ko tada maganar bai yi ba. Na kasa cin abinci. In na kai, za ta tafi. In na faɗa mata, da wane ido zan dube ta?

Ko kin yarda in sake rubuto miki?

Ɗaliba mai jin kunya

*

'Yata, Allah ya jiƙan malaminku. Ƙauna ce ta sa ki, na gani, kuma tsoron jarrabawarki ba wasa ba ne. Ke ma an yi miki rashi. Amma matar nan kullum sai ta shiga wurin da abokin aikinta ya mutu don ta koya muku. Zama ko tafiya, ita ke da zaɓi, ke kuwa kin karɓe mata shi ba ta sani ba. Kin kuma jawo wa hedimasta zargin da bai ji ba bai gani ba.

Kada ki lallaɓa ki ajiye takardar a ofis. Gobe kafin a shiga aji ki miƙa mata a hannu, ki faɗi abin da kika yi da dalilinki. In baki ya ƙi buɗewa, rubuta, ai kin iya. Kada ki roƙe ta ta zauna. Wataƙila ta yi fushi, ki jure. Maganar katanga kuwa, ki gaya wa iyayenki su tada ita a taron iyaye, kada a bar malamai su kaɗai.

Ki rubuto mini, amma sai takardar ta koma hannun mai ita. Allah ya tsare ku, ya ba Madam kwanciyar hankali ko a Bawku ko a Yendi.

Anti Lariba